Ƙanzon Tuffa: Inda Gwajin Ya Kai Kafin Zuwan Yaya

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Bakina ne ya ja mini. Shekaranjiya Yaya ta turo hoto a zauren WhatsApp na gidanmu: wani kwano mai zurfi, samansa ya yi ja da ɓarɓashi kamar dambu, ta gefe ruwan tuffa yana leƙowa. Ta ce sun je wani lambu a bayan garinsu can jihar Mishigan ta Amurka, inda mutum ke biyan kuɗi ya tsinko tuffa da hannunsa, sun kwaso har ta yi musu yawa, shi ne ta gasa wannan. Ni kuma maimakon in ce masha Allah in ja bakina in yi shiru, sai na rubuta: "Wannan ai ko a tukunyar yashi sai in yi shi." Yaya ta ce to madalla, Allah Ya kai mu Disamba, in ta zo bikin Auta ta gani da idonta. Mu goma sha ɗaya ne a zauren, kowa ya shaida.

Shi ya sa na ɗauko wannan littafin, don in riƙa rubuta abin da na yi da abin da ya fito.

Amurkawa na ce wa abin apple crisp. Hawa biyu ne. A ƙasa yankakkiyar tuffa da sukari da kirfa, a sama haɗin fulawa da ots (wani hatsi ne na Turawa) da bota da sukari wanda ake so ya gasu ya yi ƙaras-ƙaras. Da na yi wa yara bayani, babbar ta ce, "Umma, ƙanzo ke nan, sai dai shi a sama yake." Sunan ya bi shi.

Ba tsohon abinci ba ne can-can. A 1924 ya fara fitowa a rubuce cikin wani littafin girki a Amurka. Ɗan'uwansa na Ingila, wanda galibi ba a sa wa ots, ya bazu ne lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan da aka ƙayyade wa kowane mutum bota da sukari tun daga Janairun 1940, mata suka nemi abin da ba zai cinye musu kaso ba. Wato a wurinsu abin marmari ne na mai neman sauƙi, a lokacin kakarsu da tuffa ke zube a gindin bishiya. Mu nan Zariya kuwa tuffa sai za a je dubiya asibiti. Yau a kasuwar Sabon Gari na sayi jajaye guda shida, kowace naira 500. Baban yara ya leƙa ledar ya ce, "Waye ba lafiya?"

Lahadi, 6 ga Oktoba

An yi na farko. Ba sai na ɓoye ba, fate na dafa.

Na fere tuffar na yanka sirara kamar zan soya dankalin Turawa. Ina cikin yi maƙwabciya ta shigo aron rariya, muka tsaya hira, kafin in dawo duk ta yi duhu kamar yankakken gauta. Na zuba sukari cokali huɗu da kirfa. Botar gwangwani na yi amfani da ita, irin ta shafa wa burodi, ga ta ta saki saboda zafin kicin. Na kwaɓa ta da fulawa yadda hannuna ya saba da kwaɓin cincin, na shimfiɗa a kan tuffar, har da dannawa da bayan cokali don ya yi kyan gani.

Tukunyar yashin ita ce dai wadda nake gasa kek da ita kowace Sallah: yashin rafi wankakke a ƙasa, duwatsu uku, kwano a kai, murfi a rufe ruf. Minti hamsin a kan gas.

Da na buɗe, ƙamshi kam ba a magana, har yaran maƙwabta sun zo bakin ƙofa. Amma tuffar ta narke ta zama ruwa, saman kuma fari fat, yana danƙo, ko kusa bai san an gasa shi ba. Zaƙi har yana hawa kai. Yara sun sha da cokali suna santi, su ai ba a gwada girki da su. Baban yara ya ɗanɗana, ya yi shiru, can ya ce, "Da zafinsa ake sha, ko sai ya huce?" Ban ba shi amsa ba.

Naira dubu uku ta tafi. Ban tura hoto zaure ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Na haƙura na kira Yaya bayan isha'i. Awa biyar muka riga su, ita lokacin take dawowa daga aiki. Sai da ta gama dariyarta tukuna.

Ta ce kuskurena na farko tun daga kasuwa ne. Jar tuffa mai zaƙi ta ci ce ɗanya, wuta na taɓa ta sai ta saki jiki. Koriyar nan mai tsami da ƙarfi, wadda yara ke yamutsa fuska in sun gatsa, ita ce ta gashi, don tsamin nan yana taimaka wa naman ya riƙe kansa a wuta, kuma shi ke tare zaƙin sukari. A yanka da kauri, kamar kaurin ɗan yatsa. A matsa lemon tsami nan take, shi ke hana ta yin duhu in iska ta buge ta. Sai cokali ɗaya na sitacin masara don ruwan ya yi kauri. Na ce ba ni da shi, ta ce garin kastad ɗin da ke kan kantata mene ne in ba sitacin masara da kala ba.

A kan bota ta fi jan kunne. Ta ce sai mai sanyi ƙarara, a murza da kan yatsu, kada a kwaɓa, kada a danne.

Sunan koriyar Granny Smith. Wata tsohuwa ce a kusa da Sidni ta ƙasar Ostireliya, Maria Ann Smith, bishiyar ta tsiro a gonarta a 1868. Granny ɗin nan kaka ke nan da yarensu. Na ce wa Yaya ashe tuffar kaka zan gasa a lokacin kaka. Ta ce in bar wasa da harshe in je in koyi murza fulawa.

Asabar, 19 ga Oktoba

Ruwa ya ɗauke, an shiga yankan masara da cirar gyaɗa, gari ya cika da rake. Na koma wurin mai tuffa, wannan karon na ce koraye. Ya ce, "Hajiya, waɗannan masu ciwon suga ke saye." Na ce a ba ni haka nan. Ina jiran canji na karanta jikin kwalinsa: Afirka ta Kudu.

Wannan ya tsaya mini a rai har na iso gida. Su can kudancin duniya lokutansu a juye suke, suna tsinkar tuffa ne wajen Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da mu muke fama da zafin bazara. Ke nan wadda ke hannuna ta yi wata shida a ɗakin sanyi da jirgin ruwa da bayan mota kafin ta iso Sabon Gari. Ba mamaki jajayen suka yi gari-gari a baki. Ita bishiyar tuffa asalinta daga tsaunukan Kazakistan ne, kuma yawancin irinta sai sun kwashi ɗaruruwan awoyi cikin sanyin da bai wuce digiri 7 ba kafin su yi fure yadda ya kamata. Hunturun Zariya da muke ƙudundune a bargo dominsa bai kai nan ba. A kan tudun Jos ana ɗan nomawa, amma ni ban taɓa cin karo da ita a kasuwarmu ba.

Na biyu ya fi na farko nesa ba kusa ba. Botar sanda na saya, na jefa a firiza, na goge ta da abin goga kuɓewa kai tsaye cikin fulawa da ots. Murzar ba baƙuwa ba ce, duk wadda ta taɓa yin dambu ta san ta. Tuffar ta fito luguf amma kowane yanki da surarsa, tsami da zaƙi sun daidaita, ruwan ya yi kauri.

Saman ne har yanzu. Ya dahu, bai gasu ba. Da na ɗaga murfi na ga cikinsa ya yi gumi yana ɗiga. Tuffa kusan duk ruwa ce, in ta tafasa tururin ba shi da hanyar fita, sai ya taru a murfi ya dawo kan fulawar. Kek ba ya damuwa da wannan, shi ya sa ban taɓa lura ba. Turara abin nake yi ina kiransa gashi.

Asabar, 26 ga Oktoba

Tun farkon makon nan babu wuta, ba Zariya kaɗai ba, kusan duk Arewa. Firij ya zama kabad. Ƙanƙara ta yi tsadar da ba zan saye ta don bota ba. Ragowar botar ta narke a takardarta, na juye a miyar taushe.

Ban gasa komai ba. Sai dai da Bafillatanar da ke kawo mana nono ta zo, na sayi man shanu na soya shi da kaina, ban sa albasa ba wannan karon. Na murza kaɗan da fulawa da ots a kofi, don kawai in ga yadda zai yi, na soya a busasshen kasko ina juyawa. Ya dunƙule ƙanana-ƙanana, ya yi ja, da ya huce ya yi ƙaras. Ƙamshinsa ya fi na botar kanti a hancina. Ashe sanyin botar nan da Yaya ta nanata ba farilla ba ne. Abin da ya kashe ni a karon farko kwaɓawa da dannawa ne. In an zuba man a hankali ana motsawa da cokali mai yatsu, a bar shi ya ɗan zauna, ba ruwansa da firij.

Na rage yawansa. Bota kashi ɗaya cikin biyar ɗinta galibi ruwa ne, soyayyen man shanu kuwa mai ne zalla, don haka inda ake sa giram 100 na sa 80.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Jiya na shiga Birni gaida Inna. Muna zaune tana ɓarar gyaɗa na ba ta labarin wahalar da nake sha. Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Wuta a ƙasa kaɗai kike sawa, kina jiran sama ya gasu? Ko masa ai sai an juya ta." Na ce wannan ba ya juyuwa, Inna. Ta ce, "To wutar za ki juya." A zamaninsu, in za su yi gashin da ake son samansa ya yi ja, garwashi suke ɗorawa a kan murfin tukunya. Ta ce in sa guntun kara a bakin murfin don tururi ya sami mafita. Ta ƙara da cewa duk bokon da na yi bai koya mini wannan ba. Na ce bai koya ba.

Ita ce kuma ta kawo zancen mazarƙwaila. Su Yaya jan sukari suke sawa a saman, wanda a nan sai manyan kantuna kuma da tsada. Alhali mu muna zaune a bakin ƙasar rake, Kudan da Hunkuyi da Makarfi duk ga su nan kusa, ana dafa ruwan rake har ya daskare. Shi jan sukarin nasu galibi farin sukari ne aka mayar masa da baƙin ruwan rake da aka cire tun farko. Namu ba a cire komai ba balle a mayar.

Yau da hantsi na hura gawayi a kurfoti. Na bar yashin ya yi zafi minti ashirin, har in na miƙa hannu cikin tukunyar ban iya ƙirga biyar ba. A obin digiri 180 ake so, ni kuwa tafin hannuna ne ma'auni. Na goge mazarƙwaila na tankaɗe, don wani lokacin akan ci karo da tsakuwa. Na daka soyayyar gyaɗa sama-sama na zuba rabin gwangwanin madara a haɗin. Na watsa shi a kan tuffar sakwa-sakwa, hannuna yana ƙaiƙayin dannawa na hana shi.

Minti ashirin na farko wuta a ƙasa kaɗai, da kara a bakin murfi. Daga nan na rage ta ƙasa, na kwashe garwashi kamar guda goma na baza a kan murfin. Bayan minti goma sha biyar na ji ana ɓal-ɓal a ciki. Na ɗaga da tsumma, ina kaffa-kaffa da toka.

Ya yi. Ja kamar bayan gurasa, gefe yana tafasa irin na hoton Yaya sak. Na ƙwanƙwasa da cokali na ji sauti. Tsakiyar ta ɗan wuce gona da iri, inda garwashin ya taru, don mazarƙwaila ta fi farin sukari saurin ƙonewa. Na bar shi minti ashirin ya huce, ruwan ya kama jikinsa. Su can da askirim suke ci, mu muka zuba kindirmo mai sanyin randa. Baban yara ya ƙara sau biyu bai ce uffan ba, sai da ya ajiye cokali ya tambaya ko saura tuffa.

Na ɗauki hoto, amma ta gefen da bai ƙone ba. Ban tura ba tukuna.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Son sauƙi ya kai ni ya baro. Na yi tunanin ranar biki ba zan zauna gadin garwashi ba, sai na aika yaro da kwano biyu gidan burodin da ke bayan layinmu, a sa mini a tanderu. Na manta ban ce a jira sai an kwashe burodi wuta ta lafa ba, su ma ba su tambaya ba. Cikin minti goma sha biyar saman ya zama gawayi, tuffar ƙasa kuwa ko laushi ba ta fara ba. Tuffa goma sha biyu. Na kankare baƙin na zubar, na dafa sauran a tukunya yara suka ci da burodi.

Laifina ne. Mai tanderun ma ya aiko da ban haƙuri, ya ce in kawo da la'asar sakaliya in an gama gashin ƙarshe. Zan sake gwadawa, amma da kwano ɗaya.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Bayan asarar nan na zauna na yi lissafi. In mutum talatin za a ba, ko da ɗan kaɗan ne, ana neman tuffa talatin. Kuɗinta kaɗai ya isa a yi wani abin a biki. Ga gwaba kuwa a bayan gidan Hajiya, surukata, tana zuba tsuntsaye na ci.

Na gwada rabi da rabi: tuffa uku, gwaba manya biyar waɗanda suka nuna amma ba su yi lugub ba. Aikin yana wurin 'ya'yan, don in aka bar su haƙori zai gaya wa mutum. Na raba kowace biyu, na kwashe cikin da cokali, na dama shi da ɗan ruwa na tace, na mayar da ruwan a kan yankakken naman. Kirfa na rage, na ƙara ɗan garin citta, don ƙamshin gwaba ba ya son kishiya.

Na kai wa Hajiya da kaina. Ta ci cokali biyu tana kallon kwanon. Ta ce, "Wannan na saman, dakuwa ce ba ta haɗu ba?" Na ce kusan haka ne, Hajiya. Ta ce na saman ya yi, na ƙasan kuma me ya sa aka wahalar da 'ya'yan itace da wuta alhali Allah Ya riga Ya nunar da su. Duk da haka ta ce a bar mata kwanon.

A bakina na gwabar ya fi daɗi. Sai dai alkawarin da na yi a zaure na tuffa ne, kuma na san Yaya, za ta ce na sauya jarrabawa bayan na ga tambaya. Don haka kwano ɗaya na tuffa zalla dominta, sauran na jama'a a haɗa da gwaba.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Hunturu ya kankama, hazo har ba a ganin ƙarshen layi da safe. Man shanu ya daskare da kansa a kwalba, sanyin da na yi ta nema a Oktoba ya zo kyauta.

Ga inda awon ya tsaya, na kwano ɗaya mai cin mutum shida. Koriyar tuffa shida, wajen kilo ɗaya ke nan kafin a fere. Lemon tsami rabi, sukari cokali biyu, kastad cokali ɗaya, kirfa ƙaramin cokali. A sama fulawa giram 100, ots 100, mazarƙwaila 90, man shanu 80, gyaɗa rabin gwangwani, gishiri ɗan tsunkule. Gishirin nan na manta da shi sau ɗaya, abin ya fito salam, kada a raina shi. Garwashin murfi a jera shi zobe a gefe, a bar tsakiya fili, tun da na koma haka bai sake ƙonewa ba.

Abin da ya rage shi ne ƙaras ɗin ba ya kwana. Na jiya da na rufe da faranti, da safe ya yi laushi, ya sha ruwan tuffar daga ƙasa. Ranar biki kuwa kowace tukunya da kowane murhu yana da mai shi, ba wanda zai ba ni wuri awa guda. Dabarar da nake so in gwada ita ce in gasa ɓarɓashin shi kaɗai a tire tun kwana biyu kafin ranar, in zuba a gwangwani mai murfi, bushewar iskar nan za ta taimaka. Tuffa da gwaba a dafa su daban da safe, a haɗa lokacin da za a ci. Ko zai yi daɗin wanda aka gasa tare, sai na ɗanɗana su gefe da gefe ranar Laraba.

Jirgin Yaya saura kwana goma sha tara. Gwabar Hajiya ta fara ƙarewa, na ce wa yaran gidan su bar mini na reshen sama. Gobe zan aika a karɓo babbar tukunyar Inna mai murfin ƙarfe, in ga ko za ta ci kwano biyu a tashi ɗaya.